Hular Kwano: Dokar Tana da Hujja, Amma Kada Mu Jira Ta

Ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya hular kwano ga mai tuƙa babur da wanda ya goya. Waɗanda suka shaida wannan lokaci ba su manta abin da ya biyo baya ba: wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya ko robar fenti a ka, su ɗaure da igiya don su wuce jami'ai. Aka yi dariya, aka yi kame na ɗan lokaci, sannan aka koma gidan jiya. Har yau muhawarar ba ta mutu ba, kuma ta shafe mu kai tsaye, domin babur shi ne abin hawan malaman firamare da dama, musamman na karkara. Da shi muke zuwa aji, da shi muke kai 'ya'yanmu makaranta, ɗaya a kan tanki, biyu a baya.

Amfanin hular dai ba abin jayayya ba ne. Idan kai ya daki kwalta, ƙwaƙwalwa kan bugu da ƙoƙon kai daga ciki. Ɓawon hular yana rarraba ƙarfin bugun, soson da ke cikinta kuma ya shanye shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayyana cewa hular da aka sa daidai tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, mummunan rauni a ka kuma da kusan kashi 70. Ƙafar da ta karye tana da mai ɗori. Ƙwaƙwalwa ba ta da shi.

Masu adawa da tilastawa suna da dalilan da ya kamata a saurara. Akwai zafin rana, akwai tsada, akwai ƙyamar sanya hular da kowane fasinja ya sa, don gudun cutar fata ko tsoron sammu. Akwai kuma fargabar da ta fi kowacce nauyi, wato dokar ta zama hanyar tatsar talaka a bakin titi. Wasu kuma cewa suke yi kai nasu ne, ba ruwan hukuma. A nan ne muka saɓa da su. Ranar da magidanci ya kwanta asibiti, iyalinsa ne ke sayar da gona da tumaki, ɗalibansa ne ke zama ba malami, 'yan'uwansa na ƙungiya ne ke yawon karo-karo. Yarda da ƙaddara kuwa ba ta taɓa hana riƙo da sababi ba.

Saboda haka muna goyon bayan dokar, amma da sharaɗi. Ƙasar Biyetnam ta tilasta hular a duk hanyoyinta a Disambar 2007, bayan dogon shiri da wayar da kai, kuma jama'a suka bi. A Kigali ta Ruwanda, ɗan acaɓa yana tafe da hula biyu, tasa da ta fasinja. Darasin shi ne a samar da hula mai inganci da araha, har da ta yara, a hana shigo da jabu, a bayyana tarar a fili tare da rasit, sannan a soma kame.

Kafin nan, akwai abin da ke hannunmu. Muna kira ga shugabannin reshe da su sa hula biyu cikin duk wani bashin babur da za a ba malami, su kuma nemi sayen ta a sari don farashi ya sauko. Duk wanda ya saya ya ɗaure maɗaurin a haɓa, domin hular da ba a ɗaure ba takan fice kafin kai ya isa ƙasa. Wadda ta taɓa shan bugu kuwa a canza ta. Iyayen gida, ku tambaye ta da safe kamar yadda kuke tambayar kuɗin cefane.

Yaro yana koyi da abin da ya gani fiye da abin da aka rubuta masa a allo. Malamin da ya shigo harabar makaranta da hular kwano ya riga ya ba da darasin farko tun kafin a buga ƙararrawa.