AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI

A ranar Litinin 8 ga Satumba, 2025, yajin aiki biyu suka haɗu a rana guda, ɗaya a birnin Landan na ƙasar Ingila, ɗaya kuma a Nijeriya. A Landan, ma'aikatan jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa ne, 'yan ƙungiyar RMT, suka ajiye aiki daga 7 zuwa 11 ga wata, suna neman a rage musu awoyin aiki daga 35 zuwa 32 a mako, bayan hukumar sufurin birnin ta yi musu tayin ƙarin albashi na kashi 3.4 cikin 100. Aka garƙame tashoshi, miliyoyin mutane suka rasa abin hawan da suka saba. A Nijeriya kuwa ƙungiyar NUPENG ce, wadda direbobin tankar mai suke ƙarƙashinta, ta hana lodi, saboda rigimarta da matatar Dangote a kan 'yancin sababbin direbobin matatar na shiga ƙungiya. Kwana 2 aka yi, aka janye ranar 9 ga wata.

Babu shakka mutumin Landan ya ji jiki, to amma da jirgin ƙarƙashin ƙasa ya tsaya bas-bas suna aiki, layin dogo na Elizabeth yana aiki, wasu kuma suka hau keke. Shi kuwa talakan ƙasar Kazaure, ranar da direban tanka ya kashe mota, ina zai nufa?

Kowa a wannan yanki ya san abin da kan biyo baya da zarar an ji a rediyo cewa za a yi yajin aiki. Tun ba a fara ba wasu gidajen mai sun ɗaure igiya a ƙofa, wai mai ya ƙare, alhali kuwa yana nan kwance a ƙasa ana jiran ya yi tsada. 'Yan bumburutu su fito da galan-galan bakin titin Kano zuwa Daura. Kuɗin mota ya tashi, ɗan acaɓa ya ninka nasa. Mai noman rani ya zuba wa tumatirinsa ido yana yaushi don ba abin da zai zuba wa injin ban ruwa. Mace tana naƙuda a wani ƙauyen Gwiwa ko Roni, a yi ta neman motar da za ta kai ta asibiti Kazaure. Sannan sai ka ji matasa a tasha da majalisa suna ta tsine wa direbobi da 'yan ƙwadago, wai su ne suka jefa jama'a cikin wannan hali. Wannan shi ne an bar jaki ana dukan taiki.

Tambayar da ya kamata matashi ya yi ita ce, shin wa ya rataye rayuwar al'umma guda a wuyan tankar mai? Layin dogo ya iso Kano tun 1911. A 1930 Turawan mulkin mallaka suka ja shi har Nguru, ba don ƙaunar talaka ba, don kwasar gyaɗa zuwa bakin teku. Ƙasar Kazaure da Babura ba ta samu ko taku ɗaya ba. Da 'yan ƙasa suka karɓi mulki a 1960, sai a hankali suka bar abin da suka tarar ya lalace, kayan da ya kamata jirgi ya ɗauka suka koma kan tirela. Haka kuma a 1980 aka buɗe matatar mai ta Kaduna, aka shimfiɗa bututu zuwa daffon Hotoro a Kano, don Arewa ta samu mai a kusa. Matatar ta shafe shekaru ba ta tace ko ɗigo ba, duk da maƙudan kuɗin da aka ce an kashe wajen gyaranta. Sai ya zamana man da za a zuba wa babur a Roni sai tanka ta ɗauko shi daga Kudu, tafiyar sama da kilomita 1,000 a kan titunan da suka zama tarkon mutuwa. Direban tanka ne ya kashe reluwe? Ko kuwa shi ne ya cinye kuɗin gyaran matata?

Mutanen Babura ma ba sai an ba su labari ba. A watan Nuwamba 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka, wai don maganin fasa-ƙwauri. Babu wani ma'aikaci da ya yi yaji a lokacin, da takarda guda aka jefa garuruwan kan iyaka cikin wahalar da ta fi ta kowane yajin aiki daɗewa. Haka nan ranar 29 ga Mayu, 2023, da kalma ɗaya a wajen rantsuwa Shugaba Tinubu ya janye tallafin mai, litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce Naira 1,000. Yajin aiki na kwana 2 ne ko mako guda, wannan kuwa har yanzu talaka yana cikinsa. Amma da yake mahukunta ba sa zama a tasha, sai fushin ya ƙare a kan yaron mota.

Wani zai ce, to ai dai talaka ne ke shan wuya in an yi yajin, mai jiniya tankinsa a cike yake. Wannan gaskiya ne, kuma ba wanda zai faɗa wa mijin mai naƙuda cewa ya yi haƙuri ana gwagwarmaya. Sai dai a duba, ma'aikaci ba shi da bindiga, ba shi da kujera a majalisa, abin da ya mallaka kawai shi ne ya janye hannunsa. A 1945 ma'aikatan reluwe ƙarƙashin Michael Imoudu suka jagoranci yajin da ya wuce kwana 40, har sai da Turawa suka ƙara kuɗin tsadar rayuwa. A Janairun 2012 gwamnatin Jonathan ta kai lita daga Naira 65 zuwa 141, yajin mako guda da zanga-zanga, wadda aka rasa rayuka a cikinta a Kano, suka dawo da ita 97. Wanda ya tsine wa masu yajin a wancan makon, shi ma a 97 ɗin ya sha mai.

Wannan ba wanke shugabannin ƙwadago ba ne. A 1994, da ma'aikatan mai suka yi yajin wata 2 a zamanin Abacha, sakataren NUPENG Frank Kokori ya yi shekara kusan 4 a tsare, har da kurkukun Bama. Na bayansa kuwa sau nawa suka sa ranar yaji, farashi ya tashi saboda sanarwar, sannan a shiga ɗaki a Abuja cikin dare a fito a ce an janye? Haka aka yi a Yunin 2023. Irin waɗannan su ma a tuhume su, amma da laifin sakin hannun talaka a tsakiyar kogi.

Yanzu ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Fabrairun 2021 a kan kuɗi kusan Dala biliyan 2, zai bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. An ce shekara 3 za a gama, har 2025 fasinja ko ɗaya bai hau ba. Ko an gama ma, ƙarfe ba ya tuƙa kansa. A Nuwamba 2021 ma'aikatan reluwe na ƙasar nan sun tsayar da jirage, har da na Abuja zuwa Kaduna, a kan ƙarancin albashi. In aka ci gaba da danne haƙƙin ma'aikaci, tashar Kazaure ma wata rana za a wayi gari a garƙame, sai a sake tura matasa su zagi wanda bai ci ba bai sha ba.

Don haka matasan Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa su yi wa kansu faɗa. Kada wani ya yarda a mai da shi ɗan koren mai gidan man da ya ɓoye mai, domin ribar galan ɗin nan daga aljihun maƙwabcinsa take fitowa. Mai babur da ke da ragowar mai ya tanade shi don mara lafiyar unguwa. In kuma 'yan siyasa sun zo neman ƙuri'a, a ajiye maganar atamfa da taliya, a tambaye su yaushe jirgi zai tsaya a Kazaure, ina kuma kuɗin gyaran matatar Kaduna suka shiga. Direba da fasinja duk rana ɗaya ke dukansu a layin mai. Allah Ya isar wa raunana, Ya ba su basirar gane mai cutarsu.