Na'urar Ji: Rabo Ba Shi Ne Ƙarshen Aiki Ba

Duk ranar 3 ga Maris, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta keɓe domin lafiyar kunne da ji, da wuya a rasa garin da aka kafa rumfa, aka jera kujeru, aka raba wa masu lalurar ji na'urori kyauta. Sai a saƙala wa yarinya 'yar na'urar nan a bayan kunne, a kira sunanta ta baya, ta waiwaya, jama'a su ɗauki kabbara, masu hoto su yi aikinsu. Abin farin ciki ne, kuma Allah Ya saka wa masu bayarwa da alheri. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, bayan wata shida, nawa ne daga cikin na'urorin suke kunnen masu su, nawa ne kuma suke kwance a ƙasan adaka?

Na'urar ji ba ta cikin kayan da ake bayarwa a juya baya. Wanda ya raba ta bai tanadi batir da gyara da komawa asibiti ba, rabin aiki ya yi. Iyalan da suka saya wa tsohonsu ita da kuɗi mai yawa, suka bar shi da ita babu mai koya masa, su ma haka.

Lamarin kuwa ba na mutane ƙalilan ba ne. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya nuna cewa mutum miliyan 430 a duniya suna da raunin ji da ya kai a taimaka musu, kuma adadin zai haura miliyan 700 nan da 2050. Kusan kashi 80 cikin 100 nasu suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. A cikin waɗanda na'urar za ta amfana, kashi 17 cikin 100 ne kaɗai suke amfani da ita. A ƙasar Hausa kuma ba a neman dalilan kurumta da fitila. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000, kuma cikin waɗanda suka tashi daga irin wannan ciwo akwai masu rasa ji har abada. Ga ƙyanda da hangum, ga zazzaɓin Lassa, ga kunne mai zubar da mugunya da ake bari ya shekara, ga allurai irin su jentamaisin da ake yi barkatai a kemis. A ƙara da mai injin niƙa da mai walda da mai zama kusa da janareta tun safe har dare, sannan tsufa, wanda ba ya barin kowa.

Irin na'urar da ake saƙalawa a bayan kunne ita ce ta fi dacewa da yawancin waɗannan mutane. Ta fi ƙwari, ta fi ƙarfin sauti, batirinta ya fi girma, kuma yatsun tsoho suna iya sarrafa ta. Jikinta yana ɗauke da makirufo mai kama sauti, da ɗan injin da ke ƙara masa ƙarfi daidai da raunin mai ita, da 'yar lasifika. Daga nan sautin yake bin wani siririn tiyo ya shiga robar da aka ƙera daidai da ramin kunnen mutum. Sau da yawa idan aka ce na'ura ta mutu, injin lafiyarsa lau. Matsalar tana ga batir, ko tiyo, ko robar kunnen, wato abubuwan da kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

A fara da batir, domin shi ne ya fi kwantar da na'urori. Batirin na'urar ji da iska yake aiki, shi ya sa yake zuwa da 'yar takarda manne a bayansa. Da an ɓare ta, iska ta shiga, ya fara aiki, kuma mayar da takardar ba ya dawo da shi sabo. Ana so a ɓare a jira kamar minti ɗaya kafin a saka. Girmansa lamba-lamba ne, kowace lamba da launinta a duk duniya: 13 ruwan goro, 312 ruwan ƙasa, 675 shuɗi, 10 rawaya. Na bayan kunne sun fi cin 13, masu ƙarfi sosai kuma 675. Batir ɗaya yakan yi mako ɗaya zuwa biyu. A yi lissafi: idan yana kwana 10, kunne ɗaya zai ci batir 36 a shekara, kunne biyu 72. Wanda aka ba fakiti ɗaya mai guda shida ranar biki, kafin wata uku ya ƙare ya koma inda ya fito. In ya je kasuwar garinsu, abin da zai samu shi ne batirin agogo, wanda ko ya shiga ramin ba don ita aka yi shi ba, kuma ba ya jimawa.

Da dare a buɗe murfin batirin, don kada ya ci gaba da zuƙewa, iska kuma ta ratsa na'urar. Kada a zuba batira a aljihu ɗaya da makulli ko kwabbai, kada kuma a bar su inda hannun yaro zai kai. Yaron da ya haɗiye batir asibiti ake kai shi nan take, ba a jiran ya fito da kansa.

Akwai masu caji yanzu, waɗanda ake ɗorawa a mazauninsu da dare su wuni suna aiki. Suna da daɗi ga mai wuta ko mai sola. A farkon shekarun 2000 wani kamfani mai suna Godisa a Botsuwana ya fara haɗa na'urar ji da cajarta mai aiki da hasken rana, kuma kurame ne ma'aikatan da suka riƙa haɗa ta. Ƙasar da ba ta kai Jihar Kano yawan mutane ba ta gano cewa matsalar a batir take, ta nemi maganinta a rana. Mu da muke da rana a wadace, har yanzu muna raba na'ura da fakiti ɗaya.

Sai ruwa, kuma a nan ne takardar da ke cikin kwalin na'ura ba ta san mu ba. Takardar za ta ce a cire kafin wanka da iyo. Ba za ta ambaci alwala ba, alhali Musulmi yana kai jiƙaƙƙen hannu kunnensa sau da dama a yini, ya shafi ciki da waje, daidai inda na'urar take zaune. Ɗigo ɗaya a bakin makirufo ya isa ya dusashe sauti, kuma in abin ya yawaita tsatsa ta kama cikin ramin batir. Dabarar mai sauƙi ce: a cire kafin a ɗauki buta, a sa a cikin kwalinta ko aljihun gaba na riga, ba a kan dakali ko bakin rariya ba, a goge kunne ya bushe, sannan a mayar kafin a tayar da salla don a ji liman. Ma'aikacin asibitin da ya saka wa dattijo na'ura bai yi masa wannan bayani ba, bai gama aikinsa ba.

Gumin bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, shi ma ruwa ne, haka laimar damina. Maganinsu kwalba mai murfi da aka zuba wa ƙwayoyin nan masu shan laima, irin waɗanda ake gani a 'yar jaka cikin kwalin sabon takalmi. A cire batir, a sa na'ura ciki ta kwana. Abin da ba a yi shi ne shanya ta a rana, ko kusa da murhu, ko barin ta a gaban mota, domin zafi yana lanƙwasa roba ya lalata injin. Man gashi da turaren fesawa kuma a gama da su tukuna kafin a saka ta.

Hunturu da nasa. Ƙura tana cika 'yan ƙofofin makirufo, dauɗar kunne kuma tana toshe ramin roba. Ƙyalle busasshe da ɗan buroshin da ke zuwa da na'urar sun isa kullum. Sau ɗaya a mako a zare robar kunnen da tiyonta daga jikin injin, a wanke su kaɗai da ruwan ɗumi da sabulu, a bar su su bushe sarai kafin a haɗa. Injin kansa ba ya ganin ruwa ko sifirit. Tiyon yakan ƙandare ya canza launi bayan wata huɗu zuwa shida, kuma idan ya tsage sauti ya riƙa zurarewa. Canza shi aikin 'yan mintoci ne ga wanda ya iya. Kada a zura masa allura ko tsinke, kamar yadda bai kamata a zura wa kunnen kansa tsinken ashana ko gashin kaza ba, don tura dauɗar ciki kawai suke yi. Idan kuwa kunne ya fara zubar da ruwa, a cire na'ura a ga likita, domin toshe kunne mai ciwo ƙara masa ciwo ne.

Fiton nan da na'ura ke yi, wanda ke sa mutum jin kunya a sahun salla ko a gidan biki, yana da dalili. Sauti ne ke ɓullowa ta gefen robar da ba ta zauna daidai ba, ya koma makirufo, ya sake zagayowa. Hijabi ko ɗaurin ɗankwali ko rawanin da ya rufe kunne yana iya ƙara shi, ban da ƙarar gogar yadi a kan makirufo. Da yawa sukan rage ƙarfin na'urar har ta daina fito, ta kuma daina amfani. Abin yi shi ne a duba ko dauɗa ta cika kunne, a duba tiyo, in ya kama a sake robar. Mace kuma ta je gwaji da irin lulluɓin da take sawa kullum, a daidaita mata na'urar a haka.

Ga yara abin ya fi tsanani. Ƙa'idar da masana ji suke bi ita ce a gwada jariri kafin ya cika wata ɗaya, a tabbatar da matsalar kafin wata uku, a fara taimaka masa kafin wata shida, saboda a shekarun farko ne ƙwaƙwalwa take koyon magana. Kunnen yaro yana girma, don haka robar da ta dace da shi yau ba za ta dace ba bayan 'yan watanni. Na bayan kunne ta fi wa yara ne saboda robar kawai ake canzawa, injin yana nan. Yaro ba zai ce batir ya mutu ba. Uwa ko malama ce za ta riƙa dubawa kowace safiya, ta rufe na'urar a tafin hannunta ta ji ko za ta yi fito. A makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano, inda ake koyar da yara masu lalurar ji, akwatin batir da tiyo ya kamata ya zama cikin kayan aiki na dole. Wannan kuma ba ya nufin a raina maganar hannu, wadda kurame a ƙasar Hausa suka daɗe da ita. Akwai kurumtar da na'ura ba ta isa gare ta, kuma yaron da ya haɗa biyun bai yi asara ba.

Wani abin da ke sa tsofaffi jefar da na'ura shi ne ɗokin iyali. Suna zaton za ta yi kamar tabarau, da an saka komai ya washe. Ji ba haka yake ba. Mutumin da ya shekara goma bai ji ƙarar kwano ko takun takalmi ba, ranar farko duniya za ta cika masa kai, muryarsa ma ta zame masa baƙuwa. Ƙwaƙwalwa tana bukatar makonni kafin ta saba. A fara da sa'o'i kaɗan a cikin ɗaki, a riƙa ƙarawa, kasuwa da ɗaurin aure su zo daga baya. 'Ya'ya da jikoki kuma su daina yi wa Baba ihu. Su fuskance shi, su rage rediyo, su yi magana a hankali. Bayan 'yan makonni a koma wurin wanda ya saka ta ya sake daidaitawa, domin da wuya daidaitawar farko ta wadatar.

Su kuwa na'urorin da ake tallatawa a kasuwa da intanet a farashin banza, yawancinsu masu ƙara sauti ne kawai, suna ɗaga komai gaba ɗaya ba tare da la'akari da irin raunin mutum ba, kuma suna iya ƙara ɓata abin da ya rage. Ko a Amurka, inda aka halatta sayar da na'urar ji ba da takardar likita ba tun Oktoban 2022, an taƙaita hakan ga manya masu rauni kaɗan ko matsakaici, ban da yara.

Gwaji na gaskiya yana samuwa a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999, da sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Amma ba hankali ba ne mutumin ƙauye ya biya kuɗin mota zuwa babban birni saboda tiyon da ya tsage. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya nuna cewa kashi 93 cikin 100 na ƙasashe matalauta ba su da masanin ji ko ɗaya ga kowane mutum miliyan, kuma hukumar da kanta tana goyon bayan a koya wa ma'aikatan lafiya na matakin farko irin waɗannan ƙananan ayyuka. Najeriya tana da dokar kare haƙƙin masu bukata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019, tana da hukumar da ke kula da su, tana kuma da hukumar inshorar lafiya. Babu abin da zai hana a sa batir da tiyo da robar kunne cikin kayan da manyan asibitocin ƙananan hukumomi ke ajiyewa.

Na'ura mai kyau, in an kula da ita, takan kai shekara biyar. Saboda haka duk attajiri ko ƙungiya ko ɗan siyasar da zai raba guda ɗari, gara ya raba hamsin, ya ajiye kuɗin sauran hamsin ɗin don batir da gyara da ma'aikacin da zai riƙa komawa garin duk bayan wata uku.