Shin Ya Dace 'Ya'yanmu Su Kalli Duniya Juyi Juyi?

Iyaye a Balan da sauran ikkilisiyoyinmu na Gaya da Ajingi sukan yi tambaya a kan finafinan da yara ke kallo a waya da gidajen kallo. Yau za mu ɗauki guda ɗaya mu auna shi.

Duniya Juyi Juyi ya fito a shekarar 2011. Almajirai tara ne daga makarantun allo na Jihar Kano suka shirya shi, tare da Hannah Hoechner, Bajamushiya mai bincike, da taimakon cibiyar Goethe. Labarin Aminu ne, yaron da mahaifinsa ya tura birni karatun allo. Can ya sha yunwa da bara da aikatau da wulaƙanci.

Wasu za su ce labarin Musulmi ne, ina ruwanmu? Wasu kuma su ce baƙin cikinsa ya fi ƙarfin yaro. Mu ba mu ga haka ba. Talauci ba baƙo ba ne a gidajenmu. Yaranmu sun san lokacin da rumbu ke ƙarewa kafin kaka. 'Yan matanmu nawa ne ke aikatau a gidajen birnin Kano? Abin da ya sami Aminu yana iya samun su.

Ma'aunin da muke ba da shawara shi ne: shin fim ɗin ya bar wa matalauci mutuncinsa, ko ya mai da shi abin dariya? Wannan ya bar masa, domin waɗanda abin ya shafa ne suka ba da labarin da bakinsu. Yaron da ya kalla zai yi wuya ya sake yi wa almajiri tsawa a ƙofar gida.

Duk da haka, ƙanana 'yan ƙasa da shekara goma a ɗaga musu tukuna, domin ganin uba ya rabu da ɗansa na iya tsorata su. Manya kuwa su kalla tare da iyaye ko malamin makarantar Lahadi, a tattauna bayan an gama.

Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, amma hukuma ba ta san ɗanka kamar yadda ka san shi ba. Dattawa da iyaye, mu fara kallo kafin mu ba yara izini. Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.