Badujalarmu Na Bukatar Tsari, Ba Sabbin Ganguna Kawai Ba



Duk shekara akwai ranaku biyu da makarantun Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar ke fita fareti: 27 ga Mayu, Ranar Yara, da 1 ga Oktoba, ranar samun 'yancin kai. Idan aka ƙara da gasar wasanni tsakanin gidaje da taron asambili, za a ga cewa 'yan badujala na cikin waɗanda suka fi kowa fito da sunan makaranta a idon jama'a. Amma sau da yawa ba a tunawa da su sai saura mako biyu a fita. A lokacin ne za a buɗe sito, a kakkaɓe ƙura, a ga ganga ta yage, a nemi bakin bigila a rasa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ra'ayinmu shi ne, abin da badujalarmu ta fi bukata shi ne tsari na dindindin, kafin a zo maganar sayen sabbin kaya.

A dubi kalandar karatu. Ranar 27 ga Mayu takan zo ne a tsakiyar jarrabawar WAEC, lokacin da 'yan aji shida ba su da sukunin riƙe sandar kiɗa. Ranar 1 ga Oktoba kuwa tana zuwa makonni kaɗan bayan fara sabuwar shekarar karatu, bayan sun riga sun kammala sun tafi. Ke nan a duka ranakun biyu, waɗanda suka fi gwanancewa ba sa nan. Makarantar da ta bar kiɗanta a hannun manyan aji kawai, kowace shekara daga farko za ta soma. Shi ya sa muke ganin kowane mai ganga da kowane mai bigila ya kamata a haɗa shi da ƙane ɗaya daga ƙananan azuzuwa tun zangon farko, ya riƙa tsayawa kusa da shi, kuma kada a ba wa siniya takardar yabo ta ƙungiya sai ƙanen nasa ya iya.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya kalli hawan Sallah a Gumel ya ji kakaki da algaita da tambari a bayan Sarki. Masu wannan sana'a ba a mako biyu suka koya ba. Yaro yakan fara ne da ɗaukar kaya da saurare, ya daɗe yana bin babba kafin a bar shi ya busa a gaban jama'a. Kowa ya san wurin tsayawarsa, ya san lokacin da zai shiga da lokacin da zai yi shiru. Abin da ya riƙe kiɗan fada shekara da shekaru, shi ne zai riƙe na makaranta.

Abu na biyu shi ne lokaci. Muna ba da shawarar a tsayar da rana biyu a mako, bayan sallar La'asar, minti arba'in kacal, a tashi da sauran rana kafin Magariba, don 'yan jeka-ka-dawo su isa gida da wuri. Kada atisaye ya ci lokacin darasi, kada ya shiga lokacin sallah. Kowane zama ya bi tsari guda: kiran suna, duba kaya, sa'annan a ɗumama leɓe da hannu, a yi taken ƙasa, a yi kiɗan maci, a goge kaya a mayar. Dalilin maimaitawa a bayyane yake. Bigila ba ta da maɓalli ko ɗaya. Da leɓe da numfashi kawai ake fitar da 'yan muryoyinta, kuma leɓen da ya yi wata uku bai busa ba sai ya saki. Haka ma babbar ganga. Macin sauri kusan taku 120 ne a minti guda, kuma da bugunta ɗalibai ke sauke ƙafar hagu. Idan mai ita ya yi gaggawa ko ya ja, layin makaranta gaba ɗaya ne zai rikice a gaban manyan baƙi.

Shekarar 2024 ta koya wa kowa darasi. A ranar 29 ga Mayu na wannan shekara Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta dawo da tsohon taken ƙasa na 1960, aka ajiye wanda ake rerawa tun 1978, wanda Benedict Odiase na badujalar 'yan sandan Najeriya ya tsara wa kiɗa. Dare ɗaya abin da kowace badujala ta haddace ya daina aiki. Ƙungiyar da ke da ranakun atisaye za ta iya koyon sabon abu cikin natsuwa. Wadda ba ta da su, sai dai ta yi ta kame-kame a asambili.

Abu na uku shi ne amana. Kayan badujala dukiyar makaranta ce, kuma sau da yawa da gudunmawar iyaye ko tsofaffin ɗalibai ake samun su. Yankinmu na da ƙurar hunturu da zafin bazara. Ganga da aka yasar a rana ba ta daɗewa. A sa wa kowane kaya lamba, a buɗe rajista, wanda ya ɗauka ya sa hannu, wanda ya dawo da shi ya sa hannu. A riƙa wanke bakin bigila bayan kowane zama, domin baki da yawa ke taɓa shi. Kada a ba da aron kaya zuwa biki ko taron siyasa a cikin gari.

Abu na huɗu, kuma mafi muhimmanci, shi ne yadda ake mu'amala. Sandar kiɗa ta ganga ce, ba ta kan juniya ba. Yaron da ake duka idan ya kuskure ba zai dawo ba, kuma wanda ke tsoro ba ya jin bugu. A sa alama guda: idan shugaban ƙungiya ya ɗaga sanda, kowa ya yi tsit. A gyara kuskure da maimaitawa. A ba da matsayi bisa halarta da iyawa, ba bisa girman aji ko abota ba.

Mun san akwai masu ja. Wasu malamai na ganin ɓata lokaci ne, wasu iyaye kuma ba sa son a ce ɗansu makaɗi ne. Damuwarsu abin saurare ce. Amsarmu ita ce, rashin tsari ne ke cinye lokacin karatu, domin shi ke sa a fitar da yara daga aji mako biyu cur gab da fareti. A sa sharaɗi: wanda sakamakonsa ya faɗi ya huta har ya gyara, kuma ba a ɗaukar kowa sai da yardar iyayensa. Ɗan badujala ba roƙo yake yi ba, aikin makaranta yake yi, kamar ɗan ƙungiyar muhawara ko ta kacici-kacici.

Muna roƙon shugaban makaranta ya ɗora wa malami guda alhakin wannan ƙungiya, a rubuta waɗannan dokoki a liƙa a ƙofar sito kafin ƙarshen wannan zango. Mu kuma a wannan allo za mu riƙa liƙa ranakun atisaye da sunayen waɗanda suka fi halarta. Mai ra'ayi daban ya rubuto mana, za mu ba shi fili.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta