Hakkin Malami Bisa Almajirinsa

Ya ku ma'aikatan Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, ina tunatad da ku hakkin malamin allo.

Shehu Usmanu ya saɓa wa malaminsa Jibrilu ɗan Umaru kan kafirta mai zunubi, amma bai daina yabonsa ba. Cikin 1812 ƙanensa Abdullahi ya wallafa littafi musamman don ambaton malamansa. Ko mabiya addinin Buda a Tailan, kowace shekara ɗalibai kan durƙusa gaban malamansu da furanni.

To, mu fa? Wani tun daga kuɗin Laraba bai ƙara kai wa malam ko anini ba. In an yi albashi, ku tafi zaurensa da abin hannu tun yana raye. Yaba kyauta tukuici.

Haza wasalam.