HIRAR ZAURE: Kada Gara Ta Riga Mu

  Hirarmu ta wannan wata jikana ne ya jawo ta.

Ran nan da la'asar ina zaune a ƙofar gida nan Kongo, sai ga shi a guje da waya a hannu. Ya ce, "Kaka, ga irin littattafan nan da ka ce kuna karantawa kuna yara. Shafi ɗaya ne ake gwanjonsa a Ingila." Na sa tabarau na duba. Zanen sojoji ne cikin rami, da baƙar tawada. Da yaron ya juya mini kuɗin zuwa naira, sai na ga ya fi fanshona na shekara guda. Na ce, "Kai aboki, ai sisi muke sayen littafin dukansa wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi." Ya yi dariya ya ce, "Kaka, naku bugun inji ne. Wannan kuwa ita ce ainihin takardar da mai zanen ya ɗora hannunsa a kai."

Bari in bayyana wa waɗanda ba su riski zamanin ba. Littattafai ne ƙanana masu shiga aljihu, labarin yaƙi cikin zane, mu yara muna ce da su komik. Akwai War Picture Library, wanda aka buga a London daga 1958 zuwa 1984. Akwai kuma Commando, wanda kamfanin D.C. Thomson na birnin Dundee ya fara a 1961, har yanzu kuwa ana buga shi, ya wuce fitowa ta 5,000 tun 2017. A Amurka suna da nasu, irin su Sgt. Rock na Joe Kubert. Mukan yi musayarsu a makaranta har bangon ya fita, da yawa cikinmu kuwa a nan muka ƙara Turanci.

Kafin inji ya buga, sai mutum ya zauna ya zana kowane shafi a kan farin kwali wanda ya fi shafin littafin girma. Ya fara da fensir, ya bi da tawada da alƙalami da buroshi. Inda ya yi kure ya shafa farin fenti ya gyara. Wani ya manna maganganun, edita kuma ya yi 'yan rubuce-rubucensa a gefe. Littafin za a buga shi dubbai, amma kwalin nan guda ne tak a duniya. Masu tara shi suna cewa a cikinsa ne suke ganin inda hannun mutum ya yi rawa da inda ya sake shawara, abin da inji ya ɓoye.

Abin mamaki, a da ba a ɗauki kwalayen nan bakin kome ba. Da an gama bugu, aikinsu ya ƙare. A Amurka wasu kamfanoni sun kyautar da su ga baƙi, wasu sun lalata su don su sami wurin ajiya. A Ingila ko sunan mai zanen ba a sawa a littafin, alhali da yawa cikinsu mutanen Italiya da Sifen da Ajantina ne masu neman abinci. Sai a shekarun 1970 manyan kamfanonin Amurka suka fara mayar wa masu zane aikinsu. Jack Kirby, wanda shi kansa ya yi soja a Turai a Yaƙin Duniya na Biyu, ya zana wa Marvel shafi fiye da 10,000, amma bayan doguwar jayayya abin da ya dawo hannunsa a 1987 wajen 2,000 ne kawai. Wani mai zane kuma, Roy Lichtenstein, ya ɗauki hoton jirgin yaƙi da Irv Novick ya zana a komik na 1962, ya kwaikwaye shi a babban allo a 1963, gidan ajiyar zane na Tate a London ya saya a 1966. Haka ya yi da aikin Russ Heath. Allunan Lichtenstein suka kai miliyoyin daloli, Heath kuwa da ya tsufa sai da ƙungiyar taimako ta tallafa masa kafin ya rasu a 2018. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mutum ɗaya ya yi dabara. William Gaines, mai kamfanin EC, ya naɗe kwalayen littattafansa ya adana. A cikinsu akwai na Harvey Kurtzman, wanda a lokacin yaƙin Koriya ya zana yaƙi yadda yake, da tsoro da yunwa da gawawwaki. An yi shekaru fiye da 20 kafin a fara fito da su gwanjo, suka fito kamar jiya aka zana su.

To, me ya haɗa mu da takardun Turawa? Ku saurara, gama nan ne maganar ta taɓa ni.

Mahaifina tsohon soja ne. Nan Zariya aka horar da shi, a Daffo. Kun san sunan barikin, Chindit, amma yara nawa suka san daga ina sunan ya fito? Sunan wata rundunar Janar Wingate ce a ƙasar Bama, wadda yau ake kira Miyanma, bataliya 3 ta Nijeriya kuwa sun yi yaƙi a cikinta a 1944. Dubban mutanenmu sun tafi can cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Sun ratsa kwarin kogin Kaladan da kaya a ka inda mota ba ta shiga, suka ci garin Myohaung a Janairu 1945. Shi ya sa akwai bariki mai wannan suna a Legas.

Wata rana a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, Baba ya same ni a zaure ina karanta Commando. Labarin Bama ne ma. Ya karɓa, ya buɗe shafi shafi har ƙarshe, ba ya iya karanta Turancin amma yana duban hotunan. Sa'an nan ya ce, "To, ina mu?" Na yi shiru. Ya ce, "Ban ga baƙin mutum ko ɗaya ba. Ban ga matsattsaku ba, ban ga mai zazzaɓi ba. Wanda ya zana wannan bai sha ruwan Kaladan ba."

Ya shiga ɗaki ya jawo akwatinsa na ƙarfe. A ciki akwai littafinsa na sallama, da lambobinsa, da hotonsa da kaki, da wasiƙu biyu da akawun soja ya rubuta masa zuwa gida. Daga ƙasa ya zaro wata 'yar takarda mai ninki huɗu. Zanen fensir ne: kogi, da kwale-kwalen gora, da mutum uku zaune a kai, ɗaya ya rufe fuska da hannu. Ya ce abokinsa ne ya zana, wani yaro daga ƙasar Bauchi da suke addu'a tare da dare. Ya nuna na tsakiya ya ce, "Ni ne nan." Ya ce mai zanen bai dawo ba.

Ina jin kunyar faɗa muku abin da na yi. Na duba zanen, na ga bai kai na Commando kyau ba, babu wuta babu hayaƙi. Na ce, "To Baba," na miƙa masa, na koma kan littafina. Ban tambayi sunan yaron ba. Baba ya ninke takardarsa ya mayar, bai sake fito da ita ba.

Ya rasu a 1983. Akwatin ya zauna a ƙasa jikin bango a ɗakin ajiya, kowa yana cewa wata rana za a duba. Da muka buɗe bayan shekaru, gindinsa ya yi tsatsa ya huje, gara ta shiga ta yi gini. Lambobin ne kaɗai suka tsira. Ni kuwa a lokacin ina da Commando wajen 20 a naɗe cikin leda a saman kabad, ko ƙura ba ta taɓa su ba. Na adana abin da akwai dubbansa a duniya, na bar wa gara abin da babu na biyunsa.

Ba kowa ya yi sakaci irin nawa ba. Akwai Isaac Fadoyebo, mutumin wajen Owo, wanda sojan Japan suka harbe a bakin Kaladan a 1944. Wani talaka Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi tare da wani sojan Saliyo, yana ciyar da su wajen wata 9 da kasadar ransa. Fadoyebo ya dawo gida ya zauna ya rubuta labarinsa, aka buga shi a 1999. Daga baya wani ɗan jarida, Barnaby Phillips, ya je har Bama ya nemo iyalin Shuyiman ya kai musu godiyarsa. Da bai rubuta ba, wa zai san wannan alheri yau? Mu da muke zaune da maƙwabta Musulmi a Tudun Wada, wannan labari ne da ya kamata 'ya'yanmu da nasu su ji.

Ku tuna da Joshuwa sura 4. Sa'ad da Isra'ilawa suka haye Urdun, Ubangiji ya sa aka ɗauko duwatsu 12 daga cikin kogin aka kafa, domin in yara suka yi tambaya a sami abin nuna musu. Allah ya san halinmu na mantuwa. Ya san kuma yaro ba ya tambaya sai ya ga abu da idonsa. Kowane gida yana da nasa duwatsun: katin baftismar kaka, wasiƙar mai bishara na fari da ya shigo ƙauyenku, littafin sallamar soja, tsohon Littafi Mai Tsarki da aka rubuta ranakun haihuwa a bangonsa.

Mutanen Bama kusan duk sun tafi. Amma waɗanda suka ga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 suna nan a majami'unmu, kansu ya yi fari, haka waɗanda suka je Laberiya daga 1990, da matan da suka jira su. Ga shawarata. A wannan wata ku buɗe akwatin tsohon gidanku tun yana da rai, ku zauna tare da yara. Ku tambayi sunan kowane mutum da ke cikin hoto, ku rubuta a baya da fensir, gama biro yakan ɓata hoto. Ku ɗauki muryarsa a waya, ku ɗauki hoton kowace takarda ku rarraba wa dangi. Takardun ku shimfiɗa su, kada ku manna musu salatif, ku ɗaga su daga ƙasa, nesa da bango da rana. Haka masu tara zanen nan suke yi. In kun ga abin ya fi ƙarfin gida, akwai Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da Arewa House a Kaduna. In kuwa tsohon ya yi shiru a wani wuri, kada ku matsa masa. Yaƙi ba kamar na komik ba ne, akwai abin da sai Allah kaɗai ake gaya wa. Ku yi addu'a tare da shi.

Kada kowa ya ce na aike shi neman dukiya cikin akwati. Ba mai sayen takardun Baba ko da kwabo. Amma da a ce yau za a dawo mini da 'yar takardar nan mai ninki huɗu, da na ba da duk abin da ke saman kabad ɗina, da kabad ɗin.

Jikana ya ce in ba shi labarin zanen, shi zai sāke zana shi yadda na tuna. Mun fara jiya. Ya tambaye ni sunan yaron Bauchi, na ce ban sani ba, amma Ubangiji ya sani.

Allah ya ba ƙasarmu salama. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.