Kano Zuwa Daura a Kan Keke

Mota kan tashi daga Kano ta isa Daura cikin kimanin sa'a biyu. Wanda ke zaune a cikinta, gilashi a ɗage, zai ratsa Dambatta da Kazaure bai gaisa da kowa ba sai jami'an shingen bincike. Abokai huɗu ko biyar da suka kama wannan hanya a kan kekuna, suna cin kilomita 15 a sa'a, kwana biyu za su yi, su yada zango a Kazaure. Da yawa za su kira wannan ɓata lokaci. Amma ga ma'aikacin da ke tsara wa karkara manufofi daga ofis, da wuya a sami kwana biyun da suka fi waɗannan amfani.

Dalilin shi ne keke yana mayar da mahayinsa mabuƙaci. Gorar ruwansa za ta ƙare, dole ya tsaya a bakin rijiya ya yi sallama. Ƙaya za ta huda masa taya, dole ya nemi mai faci. Azahar za ta riske shi a masallacin ƙauyen da bai taɓa jin sunansa ba. Duk inda ya tsaya, baƙo ne mai neman taimako, kuma mutanen karkara sukan gaya wa irin wannan baƙo abin da ba za su gaya wa mai motar gwamnati ba: nawa aka sayi buhun taki bana, yaushe rabon da a ga malamin asibiti, su wa suka tafi cin rani ba su dawo ba. Gani ya kori ji, kuma mai gudun kilomita 100 a sa'a ba ya ganin komai.

Akwai masu ganin doguwar tafiya a keke wasan Turawa ne. Tarihin ƙasar nan bai goyi bayansu ba. Fatake sun yi ƙarnoni suna fita daga Kano zuwa Gwanja neman goro, ayarinsu da madugu mai shugabanci, da jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya da masauki. Sunan Zangon Daura kaɗai ya isa shaida. Abokan da suka fita a kekuna su ma sai sun bi wannan tsari, ko sun sani ko ba su sani ba: wani ya riƙe kuɗin guzuri, wani ya ɗauki famfo da kayan faci, kuma gudun ayari shi ne gudun wanda ya fi kowa gajiya. A nan ake gane aboki, domin mai ƙarfin da ba zai jira na baya ba a kan hanya ya faɗi halinsa.

Babban cikas ɗin yana cikin zukata. A da, keken Raleigh abin alfahari ne ga malamin makaranta da ma'aikacin En'e. Yau idan aka ga darakta a kan keke sai a fara tambaya ko karayar arziki ce ta same shi. Ko cire tallafin man fetur da aka yi ranar 29 ga Mayu, 2023, wanda ya sa mutane da dama suka ajiye motoci, bai kawar da wannan kunya ba. Alhali manomin da ke kai buhun gero kasuwa a kan kekensa bai taɓa jin ta ba.

Maganar tsaro kuwa gaskiya ce, kuma ba a wasa da ita. Babu mai hankalin da zai ja abokansa zuwa dajin Birnin Gwari ko ƙauyukan Zamfara a yau. Ko a hanyoyin da ke da lafiya, manyan motoci ba sa ba mai keke haƙƙinsa. Saboda haka sai a yi tambaya kafin a tashi, a sauka kafin magariba, a fara da gaida mai gari duk inda za a kwana. Lokaci ma abin dubawa ne: daga Nuwamba zuwa Janairu ya fi, kafin zafin bazara ya haura digiri 40, ko da yake iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka mai nufar Daura da ita zai yi ta kokawa, sai a dawowa ta tura shi.

Sharaɗi ɗaya ya rage. Wanda zai je don ya ɗauki hotunan talaucin mutane ya watsa a Facebook, gara ya zauna a gida. Ƙauye gidan mutane ne, kuma baƙon kirki yakan nemi izini, ya biya kuɗin abin da ya ci idan an yarda ya biya, ya saurara fiye da yadda yake magana.

Ayarin da ya kiyaye wannan, ranar da ya isa bakin rijiyar Kusugu da ƙura har gira, zai iya lissafa garuruwan da ke tsakanin Kano da Daura ɗaya bayan ɗaya, da sunan wanda ya ba shi ruwa a kowanne. Ma'aikata nawa ne a sakatariyar Audu Bako za su iya wannan lissafi?